Azumi da Kunnuwan Jita

Azumi ta haura shekara talatin tana auren makaɗi, amma ba ta taɓa ganin mijinta Ɗantsoho yana kiɗa a gaban jama'a ba. Ba wanda ya hana ta, haka kawai abin ya zo. Wuraren da ake kiran Ɗantsoho da jitarsa ba wuraren zuwan matan aure ba ne a wancan zamani, kuma ko da zamani ya sauya, ita ta riga ta saba da zaman gida. Abin da ta sani na sana'arsa shi ne abin da ke ratso katanga daga shagonsa na cikin zaure zuwa madafinta. Tana daka tana ji, tana wanki tana ji, har goyon 'yarsu Safinatu da wannan sautin ta yi shi.

Sauran labarin kuwa daga bakinsa ta ji, guntu-guntu, idan yana cikin nishaɗi.

Ɗantsoho haifaffen Gumel ne, ɗan wani mai awon hatsi. Yana saurayi yakan raka mahaifinsa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, su kai gero su dawo da kanwa da dabino. A can ya gamu da Siddiq, wani Buzu direban babbar mota da ke sauko da kanwa daga arewa. Siddiq yana da jita da yake ɓoyewa bayan kujerar motarsa. Idan an gama sauke kaya sai ya shimfiɗa buzunsa a inuwar mota, ya ɗora shayi, ya shiga kaɗa wani kiɗa mai sanyi da Buzaye ke kira asuf, wato kewa. Ɗantsoho ya tsaya saurare sau ɗaya, mahaifinsa ya neme shi ya rasa har kasuwa ta watse.

Da ya koma Gumel sai ya haɗa tasa da galan ɗin man gyaɗa da guntun katako da wayar birkin keke. Ya kai wa Siddiq ya gani. Buzun ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, sa'an nan ya miƙa masa jitar gaske ya ce ya riƙe. Daga nan ya zama yaron motarsa, ya bi shi Damagaram, ya shiga wata ƙungiyar makaɗa. A cikin ƙungiyar ya sami Cindo, mai ganga, mutumin Sule Tankarkar da ya je cin rani ya zarce. Su biyun suka ɗinke. Suka riƙa sauraren kaset-kaset na baƙaƙen Amurka masu kiɗan bulus, da na masu kiɗan rok mai ƙara, suna kwaikwaya suna gauraya shi da na Buzaye da na gida. Sun yi wasa a Damagaram da Maraɗi da Agadas, sun yi a Sabon Garin Kano.

Daga wannan yawon ya dawo da kayansa uku, waɗanda Azumi ta tarar a gidan kamar 'yan uwan miji. Akwai jar jita mai aiki da lantarki, wadda fentinta ya goge a daidai inda damtsensa ke gogawa. Akwai ɗan akwatin ƙarfe da yake takawa da ƙafa, muryar jitar ta yi kauri ta dushe kamar ta raƙumi. Sai kuma amfilifaya, akwatin da ke fitar da sautin, mai nauyin buhun gero, irin ta da, mai 'yan ƙwayaye a ciki da ke yin ja idan ta ɗau zafi. Ita yake kira Tsohuwa, don in an kunna ta sai ta ɗan yi ɗumi kafin ta yi magana.

Sayen riɗi ya kai shi Gagarawa, ya ga Azumi a ƙofar gidansu. Mahaifinta bai ƙi ba, sai dai ya ce makaɗi ya haɗa da gona, don 'yarsa ba za ta ci kiɗa ba. Ɗantsoho ya riƙe wannan. Ya zauna Gumel, damina yana gona, rani yana gidajen biki daga Maigatari har tsallaken iyaka. Da samari suka zo da kiɗan fiyano da kwamfuta, gayyata ta ragu, amma ba ta ɗauke ba. Akwai iyayen biki da ke cewa su dai a kawo musu Ɗantsoho.

Ciwon ya same shi da bazara, yana sharar gona da hantsi. Maƙwabcin gonarsa ne ya gan shi a kwance, aka ɗauko shi a amalanke zuwa bakin titi, daga nan adaidaita sahu ta kai shi asibiti. Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa ɓarin jikinsa na hagu. Azumi ta yi jinya, Safinatu ta baro gidan mijinta a Gagarawa ta zo ta taya ta. Allah Ya sa abin ya zo da sauƙi. Magana ta dawo, ƙafa ta dawo har yana zuwa masallaci da sanda, hannu ma yana ɗagawa yana saukewa. Yatsun hagu ne suka ƙi. Sun lanƙwashe cikin tafi kamar mai ɓoye goro, kuma da su ake danna tsirkiyar jita.

Sau ɗaya ya gwada. Bayan Safinatu ta koma ɗakinta, ya shiga shago ya turo ƙofa. Azumi tana tankaɗe a tsakar gida ta ji Tsohuwa ta fara gurnaninta na ɗumi, ta ajiye rariya. Ta ji ya taɓa tsirkiya, sautin ya fito a dakushe. Ya sake, ya sake. Can sai shiru. Da ya fito bai dube ta ba.

"Azumi, in Ilu ya zo gaisuwa, ki ce ya kwashe kayan nan."

"Ya kai su ina, Malam?"

"Inda ya ga dama. Ya ba wani, ko ya cire abin da zai yi masa amfani. Ni dai kada in ƙara ganin su."

Ilu mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwar Gumel, shi ke duba Tsohuwa tun tana da ƙarfinta. Da ya zo, Ɗantsoho yana barci, Azumi ta tsaya daga bayan ƙofar zaure ta isar da saƙo. Ilu ya girgiza kai.

"Uwargida, ni ba zan ɗauka ba," in ji shi. "Ranar da ya huce ya tambaye ni, me zan ce masa? Ki ce na ce shagona ya cika. Amma ga damina ta kawo jiki. Ita wannan akwatin ba ta son zama, sanyi zai shige ta. Duk lokacin da aka kawo wuta, ki ɗan kunna ta ta yi ɗumi. Zo in nuna miki."

Ya nuna mata inda ake soka waya da maɓallin da ake ɗagawa. Ta faɗa wa Ɗantsoho shagon Ilu ya cika, ya ce to, bai ƙara tambaya ba. Ya daina shiga shagon, ya mayar da tabarmarsa gindin darbejiyar tsakar gida. Nan yake wuni, yana kallon kaji. Ba ya faɗa, ba ya ƙorafi, sai dai ya rage magana, ya rage cin abinci. Wannan ya fi damun Azumi fiye da ciwon kansa. Mutumin da ko tuwo yake jira sai ya ƙwanƙwasa gefen kwano da yatsa, yanzu ko an kunna rediyo sai ya ce a rage.

Ma'aikaciyar gashin ƙashi ta asibiti ta koya mata yadda za ta riƙa murza masa hannun da mai safe da yamma, tana miƙar da yatsun ɗaya bayan ɗaya. Tana yi da man zaitun da Safinatu ta kawo a 'yar kwalba. Wani hantsi, bayan an yi ruwa ƙasa ta jiƙe, ta gama murzar ke nan sai ta ji fanka ta motsa a ɗaki, an kawo wuta. Ta miƙe da kwalbar a hannu ta shiga shago kafin a ɗauke. Ta kunna Tsohuwa. Jitar tana kwance a kan benci da wayarta a soke, yadda ya bar ta. Azumi ta ga ƙura ta hau kanta, ta sunkuya za ta goge da gefen zane, sai kwalbar ta suɓuce daga hannunta mai maiƙo. Ta faɗa kan tsirkiyoyin ta gangara tun daga wuya har ciki.

Tsohuwa ta saki wani dogon kuka da ya tashi daga ƙasa ya haura sama, kamar mace ta rangaɗa guɗa daga nesa. Kaji suka watse. Azumi ta cafe kwalbar, ta dafe ƙirji tana salati.

"Wane ne a shago?"

"Ni ce, Malam. Yi haƙuri, kwalba ce ta faɗi. Yanzu zan kashe."

Ta kai hannu ga maɓalli, sai ta ji ƙarar sandarsa tana matsowa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi ƙwayayen da suka yi ja a cikin akwatin, ya dube ta. Ta jira faɗa.

"Sake yi," ya ce.

"Me zan sake?"

"Abin da kika yi. Ɗora kwalbar a kai, kada ki danna. Taɓa tsirkiyar da ɗaya hannun. Yauwa. To ja ta a hankali."

Ta ja. Sautin ya sake fitowa, wannan karon a hankali, yana rawa. Ɗantsoho ya zauna a kan benci.

"Siddiq ya taɓa sa mini wani kaset," ya ce, yana kallon kwalbar. "Wani tsoho ne a can Amurka, da wuyan kwalba yake kiɗa. Na ce masa wannan ai aikin wanda ba shi da yatsu ne." Ya yi wata 'yar dariya ta hanci, irin wadda rabon da ta ji tun kafin bazara. "Miƙo mini jitar nan. Kwantar da ita a cinyata."

Ya ce kafin kwalba ta yi aiki sai an sake ɗaurin tsirkiyoyin duka, yadda in an kaɗa su a sake, ba tare da an danna komai ba, za su yi magana da baki ɗaya. A kan wuyan jita akwai 'yan maɓallai shida da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya ko a sassauta ta, shi yana kiran su kunnuwa. Hannunsa na dama yana wajen kaɗawa, na hagu ba ya iya murɗa komai.

"Ke za ki kama mata kunne," ya ce. "Ni ina kaɗawa, ke kina murɗawa. In na ce tsaya, ki tsaya. Fara da na sama, mai kaurin. Sassauta shi."

Ta durƙusa gefensa ta kama. Ƙarfen ya yi mata sanyi a yatsa. Yana kaɗawa, tana murɗawa, sautin yana sauka kamar guga a rijiya. Can ta ji ya zauna daidai, ta cire hannu.

"Wa ya ce ki tsaya?"

"Ai ya kai."

Ya kaɗa shi tare da na ƙasansa, ya karkata kai yana saurare. Ya dube ta ta gefen ido.

"Kama na biyu."

Na biyun ma ta tsaya kafin ya buɗe baki. A na uku ta wuce kaɗan, ta dawo da kanta. Ɗantsoho ya ɗora tafinsa a kan tsirkiyoyin suka yi shiru.

"Azumi, wa ya koya miki?"

"Wa zai koya mini? Kullum kafin ka fara kiɗa sai ka daɗe kana wannan murɗe-murɗen kunnuwa. Tun ina amarya nake ji. In bai zauna ba har haƙorina nake jin sa. Sau nawa ina daka ina cewa a raina, Malam ƙara kaɗan, sai kuwa in ji ka ƙara."

"Ba ki taɓa faɗa mini ba."

"Ba ka taɓa tambaya ba."

Ya sunkuyar da kai. Sa'an nan ya ce ta sa masa kwalbar a hannu.

Ranar ba a yi kiɗan kirki ba, haka ma ranakun da suka biyo. Kwalbar man zaitun ta yi masa girma, tana zamewa. Ta maganin tari ta yi gajarta. Abin da ke fitowa daga shagon ya fi kama da kukan mage, har akuyar maƙwabta takan amsa daga bayan katanga. Wani lokacin ya yi jifa da kwalbar kan tabarma ya ce aikin banza ne, tsufa ne ke sa shi wasan yara. Azumi ba ta ba shi haƙuri, ba ta kuma yi masa gardama. Sai ta tafi ta duba tukunya, ta dawo ta ɗauki kwalbar ta goge ta mayar masa.

Ita ce ta tuna yadda kakarta ke yanka kwalba a Gagarawa in za ta yi mazubi. Ta sami kwalbar lemo mai dogon wuya, ta jiƙa zare da kananzir ta naɗa a gindin wuyan, ta kunna ashana. Da wutar ta mutu ta tsoma kwalbar cikin ruwan randa, wuyan ya ɓalle. Na farko ya tsage, na biyu ma. Na ukun ya fita sumul. Ta zauna a bakin dutsen niƙa tana goga bakinsa da ruwa har ya daina yanka, ta gwada a leɓenta. Sa'an nan ta kama hannun mijinta, ta miƙar da yatsansa na tsakiya a hankali yadda aka koya mata a asibiti, ta zura masa. Gilashin ya riƙe yatsan a miƙe. Ba sai ya damƙe komai ba, hannun kawai zai ja.

Ilu ya zo ya saurara ya ce gilashin yana karo da ƙarafunan da ke jere a wuyan jitar. Ya je wurin mahauta ya samo ƙashin saniya, ya feƙe shi, ya sa a ƙarƙashin tsirkiyoyin suka ɗan ɗaga. Bayan wannan sai kukan magen ya fara zama waƙa. Ba irin kiɗansa na da ba ne, mai gudu da tsalle. Wannan a hankali yake tafiya, yana jan sauti ɗaya har sai ya ƙare. Wani lokacin Azumi takan ji kamar goge, wani lokacin kamar mutum ne ke kiran wani daga ƙarshen gona. Ɗantsoho ya koma cinye tuwonsa.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da Cindo ya zo daga Sule Tankarkar a kan babur. Ya tsufa shi ma, ya bar yawon kiɗa ya koma kiwon tumaki, amma bakinsa yana nan. Tun daga zaure yake kiran, "Ina Sarkin Jita? An ce mini ka koma sana'ar kwalabe!" Ya gaisa da Azumi, ya sha fura, ya ce a kaɗa masa ya ji. Ɗantsoho ya yi ta noƙewa, daga baya ya kaɗa. Cindo ya jawo ƙwaryar furar da ya shanye, ya kife ta a cinya, ya fara bi da yatsu. Ba su dubi juna ba har suka kai ƙarshe. Azumi tana bakin ƙofa ta ga Cindo ya goge ido da hannun riga, ya ce hayaƙin madafi ne ya shigo.

"Autata za a aurar," ya ce. "Ranar wunin mata nake so ka zo. Da rana ne, a ƙofar gidana. Ni zan riƙe maka ganga."

"Cindo, ka rufa mini asiri. Mutanen da suka san ni a tsaye, su gan ni a zaune da jita a cinya kamar mai tsintar wake?"

"Waɗanda suka san ka a tsaye ai duk sun zauna su ma."

"Ba wannan kaɗai ba. Gilashin nan yana sa ɗauri ya kwance. Kowace waƙa sai an gyara. Ni kuwa ba ni da mai kama kunne sai ita."

Cindo ya juya ya dubi Azumi. "To ta zo mana. Wunin mata ne fa. Yaya Azumi, ko ba ki zuwa biki?"

Ta ce sai abin da Malam ya ce. Ɗantsoho ya yi ta juya gilashin a yatsansa. Da Cindo zai tafi, ya raka shi zaure, ta jiyo shi yana tambaya ko akwai janareta a can ko sai an zo da shi.

Ranar bikin suka ɗauki shatar adaidaita sahu. Tsohuwa ta zauna a tsakiyarsu kamar fasinja, jita a jingine a kafaɗar Azumi, gilashin a ƙulle a bakin zanenta. Hanya duk kore, gero ya fi mutum tsayi dama da hagu.

An kafa rumfa a ƙofar gidan Cindo, mata sun cika ta, maza suna tsaye daga gefe. Samari masu kiɗan kwamfuta sun riga sun yi nasu, suka matsa suna kallon akwatin da ake saukewa, ɗaya yana taɓa ɗaya. Aka shimfiɗa darduma, Ɗantsoho ya zauna, Azumi ta zauna a hagunsa ta ja mayafi. Ba ta taɓa zama a gaban idanu masu yawa haka ba. Ta ji ana raɗa, "Matarsa ce." Ta kama kunnen farko, ga ƙarar janareta, ga surutu. Ta rufe ido ta matso da kunnenta kusa da akwatin, har ta ji kowace tsirkiya ta zauna.

Waƙar farko ba ta yi kyau ba. Hannunsa ya yi sauri, gilashin ya wuce inda ya nufa, sautin ya karkace. Wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya aka ƙwaɓe ta. Azumi ta ga zufa tana bin wuyansa. Da ya tsaya, ta kai hannu kamar za ta gyara kunne, ta ce a hankali yadda shi kaɗai zai ji, "Malam, babu mai korar ka. Yi irin ta gida."

Ya ja numfashi. Ya taka ɗan akwatin ƙarfen da ƙafarsa mai lafiya, ya ɗora gilashin, ya ja sauti ɗaya tun daga ƙasa, a hankali, ya riƙe shi yana girgiza hannu. Surutu ya fara mutuwa daga gaba zuwa baya. Cindo ya shigo da ganga ƙasa-ƙasa. Wata tsohuwa daga dangin ango, 'yar Damagaram, ta miƙe ta ɗaure gyale a ƙugu ta fara takawa, wasu biyu suka bi ta. Aka rangaɗa guɗa, jitar ta amsa da irin muryar, rumfa ta ɗauki shewa.

Sai a lokacin Azumi ta ɗaga kai ta dubi fuskar mijinta. Idonsa a rufe, bakinsa ya karkace gefe guda, leɓensa na ƙasa yana rawa. Ta yunƙura za ta tashi, ta kama hannun rigarsa.

"Cindo! Ciwon ne, dubi bakinsa!"

Cindo ya leƙo bai daina bugu ba. Ya kwashe da dariya har ganga ta kusa faɗuwa.

"Zauna, Yaya Azumi! Haka yake yi tun muna Damagaram. In kika ga bakin nan ya tafi gefe, to kiɗa ya yi daɗi."

Ta koma ta zauna, kunya da dariya suka haɗu suka cika mata ido da ƙwalla. Ɗantsoho bai ma san an yi ba. Ta zuba masa ido har waƙar ta ƙare, tana kallon yadda yake ɗaga gira in sautin ya hau, yadda kafaɗarsa ke bin ganga, yadda yake cije baki kafin ya saki wani. Duk shekarun nan haka fuskarsa take a bayan katanga.

Bai daɗe ba hannun ya gaji. A tsakiyar wata waƙa ya sauke shi a kan cinya ya girgiza wa Cindo kai, Cindo ya rufe da ganga kamar dama nan aka shirya tsayawa. Mata suka yi ta zuwa gaisuwa. Ɗaya daga cikin samarin nan ya durƙusa ya nemi a nuna masa gilashin, ya tambaya a ina ake sayar da shi. Ɗantsoho ya nuna Azumi da haɓa ya ce, "Ga masana'antar nan."

A hanyar komawa hadari ya taso daga gabas. Kafin su kai rabi ruwa ya sauko, iska tana watso shi cikin adaidaita sahu. Direba ya tsaya a wata rumfar masu sayar da rake da aka watse aka bari. Suka sauke kayan suka shiga. Rumfar tana yoyo, Azumi ta lulluɓe akwatin da dardumar da suka zo da ita, ta zauna a kan benci. Ta zare masa gilashin, ta kama hannun tana murzawa, don yatsun sun ƙage da gajiya da sanyi.

"Yaya kika gani?" ya tambaya, yana kallon ruwa.

"Ta farkon ka yi gaggawa."

"Na sani."

"Sauran kuwa…" Ta miƙar masa da yatsa ɗaya. "Ashe haka kake."

Ya juyo ya dube ta. Ya ce akwai wani mutumin Maigatari da ya same shi bayan an tashi, yana da biki bayan girbi, yana so su je. Bai amsa masa ba, ya ce sai ya yi shawara.

"Da wa?"

"Da wa kuwa? In ba ki zuwa, ai ba ni zuwa."

Azumi ta ci gaba da murza hannun. Ta ce za ta je, amma sai ya yi mata alkawari zai riƙa shan maganin hawan jininsa ba sai ta bi shi da kofi ba, kuma in hannun ya gaji zai tsaya, ko da tsakiyar waƙa ne. Ya ce ya ji. Ta ce kuma tun da aka kawo ta Gumel take jin labarin kasuwar Maigatari, ba ta taɓa gani ba, tana so a kai ta ta ga raƙuma. Ya ce wannan mai sauƙi ne, sai su tafi tun da safe.

Direba ya leƙo ya ce ruwa ya tsagaita. Ya kama akwatin ta gefe ɗaya, Azumi ta kama ɗaya gefen, Ɗantsoho ya biyo su da sandarsa yana cewa su bi a hankali, akwai santsi.